Wacce Zan Fara da Ita? Tarihin Tabar da Ake Kira Sigar



Bara da kaka, bayan an gama yankan hatsi, wani saurayi daga cikin ɗalibaina ya tsaya bayan an tashi karatu. Ya yi shekara 2 yana aiki a Abijan, gidan wani attajiri. Da zai dawo, maigidan ya yi masa kyautar wani ɗan akwati na katako. Ya buɗe mini shi bisa tabarma. Ciki akwai taba guda 3, amma ba irin taba sigari da muka sani ba. Kowace ta kai babban yatsa kauri. Babu takarda a jikinta, ganye ne aka naɗe da ganye. Ɗaya ja-ja ce, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya ta kusa zama baƙa. Kowace tana da ɗan zobe na takarda a wuya.

Ya ce: "Malam, na iya haɗa baƙaƙen da ke jikin zoben nan, Ha-ba-na, amma ban san ma'anarsu ba. Kuma ni ban taɓa shan taba ba. Wacce ya kamata in fara da ita?"

Na ce masa: "Matambayi ba ya ɓata. Amma bari in ba ka labarin abin da ke hannunka tukuna, sa'an nan ka zaɓa da kanka."

Labarin nan ne na rubuta muku yau. Kai ma mai karatu, wata rana wani zai miƙo maka taba ta farko, ko ya miƙa wa ɗanka. Gara ka san inda ta fito, da abin da ta yi wa waɗanda suka riga ka karɓa.

Mece ce sigar?

Turawa suna kiran wannan taba sigar. Ita ce uwa, taba sigari ƴarta ce. Habana kuwa sunan babban birnin ƙasar Kuba ne. Kuba tsibiri ne cikin teku, kusa da Amurka.

Sigar tana da kashi 3. Akwai ciki, wato ganyen da ake tattarawa a tsakiya. Akwai maɗauri, ganye guda mai ƙarfi da ke riƙe cikin. Akwai riga, ganye mai laushi marar tabo, wanda ake naɗewa a waje. Ganyen riga a ƙarƙashin rumfar yadi ake noma shi, don kada rana ta sa shi kauri.

Kai manomi ne, za ka gane wannan da sauri: ganyen gindin icen taba ba shi da ƙarfi, amma yana cin wuta da kyau. Na tsakiya shi ke da ƙanshi. Na sama, wanda ya fi shan rana, shi ya fi ƙarfi da sa jiri. Gwanin naɗi yana haɗa su gwargwadon yadda ake so.

Aikin yana da tsawo. Iri yana kwana kamar 45 a gadon reno kafin a dasa. Bayan an tsinke ganye, a rataye shi a rumbu kamar kwana 50 ya bushe a inuwa. Sa'an nan a tara shi tsibi-tsibi ya yi zafi da kansa, ya sake launi. A ƙarshe a ɗaure shi dami-dami a ajiye, wani shekara guda, wani 2 ko fiye. Mai naɗi kuwa, da ƴar wuƙarsa da allonsa, yana gama kamar guda 100 a yini.

Inda taba ta fito

Kakannin kakanninmu na dā can ba su san taba ba. Larabawa da Turawa ma haka. Asalinta ƙasashen Amurka ne. Mutanen can sun daɗe suna noman ta, suna sha a wajen bukukuwa da addu'o'insu da neman magani. A Palenke, ƙasar Meziko, akwai wani tsohon gini na mutanen Maya, wanda ya wuce shekara 1,300. A jikin dutsensa an sassaƙa siffar wani tsoho yana busa hayaƙi.

A watan Oktoba na shekara ta 1492, wani matuƙin jirgin ruwa, Kiristofa Kolombo, ya iso waɗannan tsibirai da jirage 3 na Sarkin Ispaniya. Shi a zatonsa ya kusa ƙasar Sin ne. Da ya sauka Kuba, sai ya aiki mutum 2 su shiga cikin ƙasa su nemo sarki. Sunan ɗaya Rodrigo de Jerez, ɗayan Luis de Torres. An zaɓi na biyun ne don yana jin ɗan Larabci, ana zaton zai yi tafinta.

Ba su ga sarkin Sin ba. Abin da suka gani shi ne maza da mata suna tafe da busasshen ganye a naɗe, an kunna bakinsa, suna zuƙar hayaƙin. Sigar ta farko ke nan da Bature ya gani. Ana ba da labari cewa Rodrigo ya koyi sha, da ya koma garinsu mutane suka ga hayaƙi na fita ta hancinsa, suka ce aikin shaiɗan ne, aka kulle shi shekaru.

Ga wani abu da nake so ka riƙe. Akwai wani malamin Kirista ɗan Ispaniya, Bartolome de las Casas, wanda ya zauna a tsibiran nan a farkon zuwan Turawa. Ya rubuta cewa ya ga ƴan ƙasarsu sun kama shan wannan ganye. Ya yi musu faɗa. Suka amsa masa cewa ba su da ikon bari. Wannan magana ta kusa shekara 500. Ka tambayi kowane mashayin taba a kasuwarku, irin amsar da zai ba ka ke nan.

Magani, laifi, sa'an nan haraji

Da taba ta shiga Turai, da sunan magani ta shiga. A 1560 jakadan Faransa a Lisbon, Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsu, inda uwar sarki take fama da ciwon kai. A 1571 wani likita a birnin Sebiya, Nicolas Monardes, ya rubuta cewa tana warkar da cututtuka masu yawa. Jama'a suka gaskata. Daga baya, a 1828, wasu masana 2 a Jamus suka tace dafin da ke cikin ganyen. Sunansa nikotin, daga sunan jakadan nan. Shi ne ke kama mutum ya hana shi bari.

Wasu sarakuna sun yi ƙoƙarin tare ta. A 1604 Sarkin Ingila, James na Ɗaya, ya rubuta takarda yana zagin ta, ya ninka harajinta kamar sau 40. A 1633 Sarkin Istambul, Murad na Huɗu, ya hana sha, har ya kashe waɗanda aka kama. A 1634 Sarkin Rasha ma ya hana. Duk ba ta tsaya ba.

Sai masu mulki suka yi wani tunani. Tun da mashayi ba ya iya bari, to, ko nawa aka ce zai biya. A 1636 gwamnatin Ispaniya ta ce ita kaɗai ke da ikon sayar da taba. A 1674 Faransa ta bi sahu. A Sebiya aka gina wani ƙaton gidan sarrafa taba na sarki, ya fara aiki a 1758. Daga baya dubban mata suka riƙa naɗi a ciki. Yau ginin jami'a ne.

Ka lura da yadda abin ya juya. Jiya laifi ce, yau ita ke cika baitulmali.

Yadda ta iso wurinmu

Jiragen Fotugal da na sauran Turawa su suka kawo taba bakin tekun Afirka ta Yamma. Daga can fatake suka shigo da ita. Kalmar taba kanta daga kalmar Turawan nan ta fito, tabako. Ta yaɗu da sauri ƙwarai. Marubutan tarihin Maroko sun rubuta cewa kafin shekara ta 1600 an kai wa sarkinsu giwa daga ƙasashen baƙar fata, kuma masu kiwon giwar su suka zo da shan taba.

Malamai suka yi ta muhawara. Malam Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda aka kai Maroko a kame bayan yaƙin 1591, ya ga bai haramta ba. Shaihu Ibrahim al-Laƙƙani na Masar ya rubuta littafi yana gargaɗi a guje ta. A lokacin babu wanda ya san abin da likitoci suka gano daga baya.

A ƙasar Hausa taba ta zauna daram. A 1853 Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sayi taba a Katsina don tafiyarsa zuwa Tumbuktu, saboda tabar Katsina ta yi suna har can. Kun san fadamun Gulbin Maraɗi da na Majiya, inda ake noman ta da rani. Kun san taba gari da kanwa, da ta shaƙa, da ta tukunya. Kun san furen taba da mata ke goge haƙora da shi bayan cin goro.

Amma akwai wani shafi mai ɗaci. A Bahiya, ƙasar Barazil, ana raba taba kashi 3. Mai kyau a kai Lisbon. Kashi na uku, wanda aka ƙi, doka ta hana a shigar da shi Fotugal. Sai ƴan kasuwa suka yi dabara. Suna murɗa shi kamar igiya, su shafe shi da ruwan rake mai kauri don kada ya bushe, su ƙunshe da fata. Zaƙin nan ya sa aka so shi ƙwarai a bakin tekun Dahome. Jirage suka riƙa kawo shi tashar Wida. Me suke saye da shi? Mutane.

A farkon shekarun 1800, lokacin yaƙe-yaƙe a ƙasar Hausa, an kama Hausawa da yawa an gangara da su teku, aka kai su Bahiya. A 1807 bayi Hausawa suka shirya tawaye a birnin Salbado, asirinsu ya tonu. A 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka tashi a birnin nan. An samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ka ji fa, ɗan uwa. An sayar da ƴan uwanmu a kan tabar da Bature ya ƙi sha.

Manoman Kuba da sarki

Mu koma Kuba. A yammacin tsibirin, a lardin Pinar del Rio, akwai wani yanki da ake kira Vuelta Abajo. Ƙasarsa da iskarsa sun dace da taba fiye da ko'ina. Yawancin masu noman ta ƙananan manoma ne, kowa da iyalinsa, don ganyen yana son a bi shi ɗaya-ɗaya da hannu.

A 1717 Sarkin Ispaniya ya ce duk tabar Kuba shi kaɗai za a sayar wa, a kan farashin da ya yanke. Duk wanda ya taɓa noma gyaɗa ko auduga, mai saye guda ɗaya ne, ya san zafin wannan. Manoma suka yi bore sau 3: a 1717, da 1720, da 1723. A na ƙarshe sojoji suka kashe wasu, aka rataye gawarwakinsu a itatuwan bakin hanya don a tsorata saura. Sai a 1817, bayan shekara 100 cif, aka soke dokar.

Daga nan gidajen naɗi suka yawaita a Habana. H. Upmann ya buɗe a 1844, Partagas a 1845, Romeo y Julieta a 1875. A gonaki da gidajen naɗi an sa bayi ƴan Afirka aiki, don ba a hana bauta a Kuba ba sai 1886.

Mai karatu a gidan naɗi

Yanzu ga wurin da ya fi mini daɗi a duk labarin. Mai naɗi yana zaune ne tun safe har maraice. Hannunsa na aiki, kunnensa ba ya komi. Yawancinsu ba su iya karatu ba. A watan Disamba na 1865, ma'aikatan wani gidan naɗi mai suna El Figaro suka yi shawara. Suka zaɓi mutum guda da ya iya karatu, ya zauna a gabansu yana karanta musu jarida da babbar murya. Kowa ya cire ɗan abu daga ladansa, aka haɗa aka biya shi. A farkon 1866 gidan Partagas ya bi.

Da safe jarida, da rana littattafan tarihi da na labaru. Su ma'aikatan ke zaɓen littafin da za a karanta. In karatu ya yi daɗi, sai su riƙa buga wuƙaƙensu bisa allo, tafinsu ke nan. Ana cewa sigar Montecristo, wadda aka fara yi a 1935, ta samu sunanta daga wani littafin Alexandre Dumas na Faransa da masu naɗi suke so.

Ƴan mulkin mallaka ba su ji daɗi ba. Ba a yi wata 6 ba, cikin 1866, suka hana karatun, suka ce yana ɓata tunanin ma'aikata. Bayan shekaru ya dawo. Masu naɗin da suka yi ƙaura zuwa Tampa a Amurka suka tafi da al'adar. A 1891 José Martí, jagoran neman ƴancin Kuba, ya je ya yi musu jawabi. Suka riƙa ba da wani kaso na ladansu don yaƙin ƴanci, wanda ya tashi a 1895. Ana ma cewa takardar umarnin tashi a cikin sigar aka naɗe ta, aka ƙetara da ita teku. A 1931 masu gidajen naɗi na Tampa suka kori masu karatu. A Kuba al'adar ta ɗore, har a 2012 aka sa ta cikin kayan gadon ƙasa.

Ka ga abin da mutum guda mai karatu ya iya yi a cikin ɗaruruwa.

Inji da siyasa

Taba sigari kuwa ta talakawa ce tun asali. Ana yanka ragowar ganye a naɗe a takarda. A 1881 wani Ba'amurke, James Bonsack, ya ƙera inji mai naɗe kara 200 a minti guda, wato 120,000 a yini. Ka gwada da 100 na mai naɗin sigar. Taba ta yi araha, ta shiga kowane ƙauye, har teburin mai shayi na garinku. Sigar ta zama ta attajirai da manyan mutane.

A 1959 Fidel Castro ya karɓi mulkin Kuba. A 1960 gwamnati ta ƙwace gidajen naɗi. A watan Fabrairu na 1962 shugaban Amurka, Kennedy, ya hana ciniki da Kuba. Kakakinsa, Pierre Salinger, ya ba da labari cewa kafin shugaban ya sa hannu sai da ya aike shi ya sayo masa sigar ta Kuba. Ya samo 1,200. Sa'an nan Kennedy ya ɗauki alƙalami. Shugaban ƙasa ke nan, shi ma ganye ya riƙe shi.

Masu gidajen da suka gudu suka kai sana'ar ƙasashen Dominika, da Honduras, da Nikaraguwa. Ganyen riga kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a duniya a gabashin Kamaru ake noma shi.

Abin da likitoci suka gano

A 1950 masana 2 a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka bincika marasa lafiya a asibitocin London. Suka ga kusan duk masu ciwon daji na huhu, wato sankara, mashaya taba ne. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka a gaban duniya. Yau an san hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kamar 70 daga ciki suna jawo sankara.

Za a ce maka: "Ai sigar ba a haɗiye hayaƙinta, a baki yake tsayawa." Gaskiya ne haka ake shan ta. Amma nikotin ɗinta yana ratsa fatar baki ya shiga jini, ko bai kai huhu ba. Dalilin da ya sa ake sa wa taba gari kanwa ke nan, kanwa tana buɗe wa dafin hanya. Ciwon kuma yana kama inda hayaƙi ya zauna: leɓe, harshe, maƙogwaro, da hanyar abinci. Sa'an nan karan sigari bai kai giram 1 na taba ba, amma babbar sigar guda tana iya ɗaukar tabar kwali guda cur.

Janar Grant, wanda ya shugabanci Amurka, mashayin sigar ne. Sankarar maƙogwaro ta kashe shi a 1885. Sigmund Freud, babban likita a birnin Viyana, yakan sha kamar 20 a yini. A 1923 ciwon ya kama shi a baki. An yi masa aiki fiye da sau 30, duk da haka bai iya bari ba har ya mutu a 1939. Fidel Castro kansa, wanda ƙasarsa ke cin abinci da sigar, ya daina sha a 1985.

Wani zai ce: "Churchill na Ingila fa? Kullum da sigar a bakinsa, ya shekara 90." Haka ne. Amma don wani ya ƙetare gulbi lafiya, ba a cewa babu kada a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sha ba, hayaƙin wasu suka shaƙa: mata a ɗaka, da yara a goye. Saboda haka ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da taba a 2003. Nijar ta shiga, kuma a 2006 ta kafa doka mai hana tallar taba da shan ta a wuraren taruwar jama'a.

Ku masu noman ta, ku ma ku kula. Ganye mai raɓa yana zuba nikotin ta fatar hannu, ya kawo jiri da amai. Ku bari raɓa ta bushe kafin tsinka, ku wanke hannu da sabulu, kada ku sa yara wannan aiki.

Amsar tambaya

To, mu koma ga saurayinmu da akwatinsa. Ban ɓoye masa abin da masu sayar da sigar ke faɗa wa sabon shiga ba. Suna cewa: ka zaɓi ƙarama, wadda ba ta wuce rabin awa. Ka zaɓi wadda ba ta da ganyen sama da yawa. Kada ka dogara da launin riga kaɗai, don ƙarfi a ciki yake. Ka ci abinci tukuna. Ka zuƙa a hankali, kada ka haɗiye.

Sai na tambaye shi: "Don me suke wannan gargaɗi duka?" Ya yi shiru. Na ce: "Don jikin da bai saba ba yana ƙin ta. Jiri da zufa da tashin zuciya, jiki ne ke cewa dafi ya shigo. Shawarar nan dabara ce ta lallashin jiki har ya daina ƙara. Ranar da ya daina ƙara, ranar ta kama ka."

Na ƙara masa da lissafi. A Faransa, da yawa daga cikin masu suna na Kuba sun wuce yuro 10 guda ɗaya, wato fiye da jika 6 da rabi. Na ce ya ƙirga tiya nawa ta hatsi ke nan. Kuma in guda ukun nan sun ƙare, ba zai samu wata a kasuwarmu ba. Abin da zai samu shi ne kara-kara a teburin mai shayi, yau ɗaya, gobe biyu, har ya wayi gari kuɗin cefane na tafiya a hayaƙi.

Ya ce: "To Malam, wacce ke nan?"

Na ce: "Ni dai a cikin ukun nan ban ga ta farawa ba. Ta farko ita kaɗai ce ke hannunka. Ta biyu da ta uku, ita ke zaɓa maka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma kai ba yaro ba ne, kuma yanzu ka sani."

Bai kunna ba. Wani abokinsa ne ya karɓi baƙar, ya kunna ta da yunwa a cikinsa, ya zuƙa kamar sigari. Ba a daɗe ba aka gan shi bayan danga yana amai, samari na dariya. Sauran biyun suka zauna cikin akwati. Sigar tana son iska mai laima, kamar kashi 70 cikin 100. Da hunturu ya busa, rigarsu ta tsage, suka marmashe kamar busasshen ganyen kuka. Akwatin yana nan. Ciki yake ajiye fensir da katinsa na ɗan ƙasa.

Kai kuma da ka riga ka kamu, ba zagin ka nake ba. Sarakuna da likitoci ma sun kamu. Amma ana bari, kuma jiki yana fara gyaruwa tun daga kwanakin farko. Ka je likita ka nemi shawara. Kafin nan, kada ka sha a ɗaka kusa da iyali, kuma kada ka aiki yaro sayen ta.

Abu na ƙarshe. A duk abin da ya fito daga gidajen naɗi na Habana, wanda ya fi amfani shi ne mutumin nan da ke zaune a gaba da jarida a hannu. In ka gama wannan shafi, ka fita dandali da maraice ka karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Sa'an nan ku tattauna: nawa ake kashewa a kan taba a garinku kowace ranar kasuwa? Wa ke cin ribar? Wa ke biyan kuɗin magani?

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.